Yadda Na Kusa Kashe Jinjirar Abokina da Ƙwayar Zinki

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili da dukan masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina jinjina wa masu ƙarfin halin tona asirin kansu don wasu su amfana. Yau nawa na kawo. Ba zan ambaci sunana ba, ba kuma zan ambaci na kowa ba, duk da na san mutanen garinmu suna ji za su gane.

A shekarar da fari da fara suka haɗu suka cinye mana gero, ni matashin magidanci ne, shekara talatin da ɗoriya, manomi ɗan manomi a wani ƙauye na ƙasar Gidan Sori. Gidanmu tsohon gida ne, kakanninmu daga Tibiri suka fito suka sari dajin. Abin da ya bambanta ni da sa'o'ina shi ne na yi lakol, wato makarantar boko, har aji shida, ina iya tsintar Faransanci a takarda. Duk wanda aka aiko wa wasiƙa, ko aka rubuta wa takardar magani, ni yake kawo wa in karanta. Har samari suka laƙaba mini Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakol. Wallahi kaina ya kumbura da wannan suna. In ana gardama a majalisa na sa baki, shi ke nan an rufe magana, ni kuwa har na fara yarda cewa babu abin da ya fi ƙarfin sanina.

Wanda bai ga waccan shekara ba, ba zai gane ba. Tun kafin sanyi ya wuce rumbuna suka zama wayam. Mata suka koma jiƙa ƴaƴan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ana haɗawa da ganyen tafasa da na jiga, wasu har gidan tururuwa suke tonawa don su tsinci ƴan tsabar da ta tara. Na sayar da san da ke ja mini amalanke muka ci, amalanken ya zauna a ƙofar gida hannuwansa a ƙasa. Mai ɗakina tana da ciki a lokacin, kuma daga baya na gane rabin abin da ake zuba mata ƴan matanmu biyu take tura wa. Ciki na wata bakwai, wata safiya tana bakin turmi naƙuda ta kama ta. Kafin azahar ta haifi namiji, ɗan ƙarami kamar a saka a tafin hannu biyu. Bai yi kuka irin na jarirai ba. Wani ɗan nishi yake yi a kowane numfashi, ƙofofin hancinsa na buɗewa, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki kamar ana danna shi da yatsa. Tsohuwar ungozomar garinmu ta dube shi sau ɗaya ta ce wannan ba nata ba ne, a kai shi likita, wato asibiti, tun rana ba ta juya ba. Wani maƙwabci ya kai mu Tibiri a amalankensa, can suka duba suka tura mu babbar likita ta Maradi.

A nan ne tushen kuskurena yake, don haka ku saurara da kyau. Maza ba ma zama cikin ɗakin jarirai. Ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogonyaro, nake yini, sau biyu a rana ake barina in leƙa. Mai ɗakina ce ke ciki dare da rana, ita ta ga komai. Ita ta ga siririn tiyon da aka sa masa a hanci yana kawo iskar oksijin daga wani inji mai gunji, ita ta ga allurai, ita aka koya wa tatsar nono ana ba shi ta wani tiyo, ita aka ɗaura wa shi a ƙirji fata da fata don kada sanyi ya kama shi. Mai kula da su wata dattijuwar malamar jinya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana amma hannunta da sauri. Ni kuwa duk leƙowar da na yi, yaro ɗaya nake gani yana fama, sai in koma gindin bedi in yi ta addu'a.

Ranar kwana na shida da la'asar na shiga, sai na tarar an cire tiyon hanci, yaro yana tsotsar nono da bakinsa, ƙirji na tashi yana sauka lafiya lau. Kai! Ban san lokacin da na yi kabbara da ƙarfi ba har matan ɗakin suka yi dariya. Daidai lokacin malamar ta zo da wata ƴar kwalba, ta ɗiga masa wani ruwa a baki. Na karɓi kwalbar na duba, idona ya sauka kan kalma ɗaya da aka rubuta da manyan baƙaƙe: zinki. Na tambaya yaushe aka fara ba shi, aka ce yau. Nan take na haɗa lissafina: yau aka fara ba shi zinki, yau ya warke, ashe zinki ne maganin! Malamar ta lura da rawar jikina, ta tsaya ta yi mini bayani. Ta ce wannan ƙari ne kawai da suke ba wasu ƙananan jarirai don jikinsu ya ginu, sai yaro ya fara cin abinci da kyau suke farawa, kuma da nauyinsa suke auna yawan ɗigon. Ta ce abin da ya riƙe numfashinsa iska ce da ɗumi da allurai, da ikon Allah. Ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to, amma kunnena na waje kawai ke ji. A raina cewa nake su ma'aikata haka suke, ba sa son talaka ya san sirrin aikinsu.

Muka dawo gida da yaro da ƴar kwalbarmu, aka ce mu ci gaba da ɗiga masa har ta ƙare. Garin da aka saba jin kukan rashi a waccan shekara sai ga bakwaini ya dawo da rai. Mutane suka yi ta tururuwa. Ni kuwa na samu abin faɗa. A masallaci, a bakin rijiya, a majalisa, labari ɗaya nake bayarwa, kuma kullum yana ƙara kitse. Inji da tiyo da allurai duk suka ɓace daga labarin, ya zama ɗigo uku aka yi yaro ya buɗe ido. In mai ɗakina ta ji ni daga cikin gida, sai ta ce mini ba haka aka yi ba fa Malam, ni kuwa in ce mata ita da ba ta san baƙi ba me ta sani. Da na je Cadawa gaida surukaina, na ratsa kasuwa, sai ga wani mai tallar magani da tire a ka. Ina dubawa na hango kalmar nan tawa a jikin wani kwali. Na tsayar da shi na karɓa na duba. Ƙwayoyi ne farare, ba ruwa ba. Mai tallar da kansa ya ce mini na zawon yara ne, amma na ce masa ni na san aikinsa fiye da shi. Na saya na sa a aljihun gaba, na dawo gida ina jin kamar na ɗauko likitar Maradi gaba ɗaya.

A bayan gonarmu akwai rugar wani Bafulatani. Tun zamanin kakanni gidansu ke sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Tare muka tashi da shi, shi yana bin maruƙa ni ina korar tsuntsaye, kuma har muka girma bai daina kirana kaɗona ba, wato Bahaushena, da Hausarsa mai karyewa. Fari ya gama da garkensa. Na ga mutumin nan yana ɗaga saniya da hannunsa da safe, da yamma ya ja gawarta bayan ruga. Bai iya tafiya kudu ba don dabbobin ba su da ƙafar tafiya. Abin da ya rage masa ƴan tsirarun shanu ne da wani farin bijimi da ya horar da ɗaukar kaya, wanda ya ƙi sayarwa ko da aka matsa masa, yana cewa da shi zai tada garke in ruwa ya dawo. Duk da wannan hali, da mai ɗakina ta dawo daga Maradi, kullum sai ya aiko mata da ɗan nonon da ya samu. Matarsa ma ciki gare ta, kuma sun riga sun binne jarirai biyu a baya.

Ɗana na da wata biyu da ƴan kwanaki, tsakiyar bazara, wata safiya da hantsi sai ga abokina a guje, rawaninsa a hannu. Ya ce matarsa ta haihu da asuba, mace, amma cikin bai cika ba, kuma yarinyar tana wani nishi irin wanda ya ji na ba da labari. Ya ce in ara masa amalanke, zai ɗaura wa bijiminsa su kama hanyar Maradi yanzu. Ku ji fa, mutumin da bai taɓa shiga lakol ba ya zo da shawarar da ta dace, ni mai ilimi na rushe ta. Na dafa kafaɗarsa ina murmushi, na ce ya kwantar da hankalinsa, wahalar da na sha ba zai sha ba. Na ce me zai kai shi Maradi cikin wannan rana da maijego da bijimin da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, alhali abin da za su ba ta a can ga shi a aljihuna? Ya dube ni, ya tambaye ni ko na tabbata. Na rantse masa. Mai ɗakina ba ta gida ranar, tun asuba ta goya yaro ta bi mata zuwa wani gari inda ake rabon garin kunun yara. Da tana nan, da labarin nan bai kai haka ba.

Muka je ruga. Na shiga bukka da izininsa, na ga jinjirar a kan tabarma cikin tsumma, tana wannan nishin da na sani, ƙirjinta na lotsawa. Zuciyata ta ɗan buga, amma girman kai ya danne ta. Na sa aka kawo ruwan rijiya a ludayi, na jefa ƙwaya guda ta narke, na ɗaga kan yarinyar na fara ɗura mata. Ta sarƙe, ta yi tari, ruwan ya fito ta hanci, jikinta ya sandare na ɗan lokaci. Uwar ta yi ƙara ta miƙo hannu. Na ce mata kada ta damu, magani ne ke faɗa da ciwo. Da azahar na koma na sake ba ta, ta yi amai fari. Da la'asar na sake komawa, na tarar nishin ya ragu, ta yi lamo, ko motsi ba ta yi sosai. Na fito ina washe baki, na ce wa abokina ya gani ko, ga ta nan ta samu barci. Ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya da Fulatanci. Daga nan majalisa na wuce na ba da labari, har wani tsoho ya ce Allah ya kawo mana likita har gida. Da mai ɗakina ta dawo da magariba a gajiye, na ce mata matar abokina ta sauka, yarinyar ta ɗan yi wahalar numfashi amma na ba ta magani ta lafa. Ta tsaya da kwano a hannu ta tambaye ni wane magani. Na ce ta ci abinci ta huta, gobe ta je barka ta gani da idonta.

Gari na wayewa ta tafi. Ban gama shan ɗan kunun da ta bar mini ba sai na ji ana ƙwala mini kira daga bayan gona. Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ita ce ke kirana kamar gobara ta tashi. Na ruga. Na tarar da ita durƙushe a bukka, ta buɗe tsumman, leɓunan yarinyar sun yi shuɗi-shuɗi, tafin ƙafarta sanyi ƙalau, numfashin sai ya tsaya kamar ya tafi, can kuma ya dawo. Na fara cewa barci ne, sai ta juyo ta dube ni, ta ce:

"Malam, ka ji tsoron Allah! Wannan ba barci ba ne, gajiya ce, ƙarfin nishin ma ya ƙare mata. Ni na kwana shida a gaban injin nan, kai kana gindin bedi. Ba kwalba ta tashi ɗanka ba. Je ka jawo amalanke!"

Wallahi kamar an watsa mini ruwan randa. Na juya da gudu. Ni da abokina muka jawo amalanken da hannu har ruga, muka ɗaura wa farin bijimin. Mai ɗakina ta kwance rigar maijegon, ta manna mata jinjirar a ƙirji tsirara, ta ɗaure su da zane ta lulluɓe, kamar yadda aka yi mata a Maradi. Ta hana a sake sa mata komai a baki. Ta gyara goyon ɗanmu a bayanta ta hau ta rungume maijegon, mu maza muka kama hanya a ƙasa, shi yana gaba riƙe da igiya, ni ina baya ina turawa.

Ba zan manta da wannan tafiya ba har in mutu. Rairayi ya yi zafi kamar an soya shi, ƙafar amalanke na nutsewa, bijimin na ja yana huci, kumfa na zuba daga bakinsa. Abokina bai taɓa shi da sanda ba ko sau ɗaya. Magana yake yi masa da Fulatanci a hankali, yana kiransa da kirarinsa, dabbar kuwa kamar ta san abin da ake ciki, sai ta ƙara sa wuya. Kowane ɗan lokaci in ɗaga murya in tambaya tana numfashi? Mai ɗakina ta leƙa cikin zane ta ce tana yi, ku ƙara sauri! Muka wuce gonaki fayau babu ko kara, muka wuce ƙasusuwan shanu a gefen hanya. Takalmina ɗaya ya tsinke na jefar da ɗayan. Ina turawa ina kuka ina salati, ina roƙon Allah kada ya kama yarinyar nan da laifina.

Muna gangarawa cikin busasshen gulbi, inda rairayi ya fi zurfi, bijimin ya durƙusa da ƙafafun gaba. Muka ɗaga shi, ya yi taku kamar goma, ya sake faɗuwa, wannan karon a gefe, idanunsa suka juye. Abokina ya tsuguna ya shafa wuyansa, ya duba hanya, ya duba matarsa. Bai yi shawara da kowa ba, ya zaro wuƙa ya yi bisimilla ya yanka shi. Mutanen wani ƙauye da ke bakin gulbin sun riga sun fara tahowa, ya ce musu su raba naman sadaka, su dai yi wa ɗiyarsa addu'a. Ni kuwa na haye gaɓa a guje ina ɗaga hannu ina ihu, don na jiyo ƙarar babur. Wani ɗan kabu-kabu ne, magidanci, ya sauke fasinja yana komawa Tibiri. Yana ganin halin da muke ciki bai tambayi komai ba, ya ce a hau. Muka ɗora maijegon da jinjira a ƙirjinta, mai ɗakina ta zauna bayanta da goyonta ta riƙe ta gam, ta ce masa kada ya tsaya ko'ina sai Maradi, can injin iska yake. Suka tashi. Mu biyu muka bi sawunsu da ƙafa har bakin kwalta, inda wata babbar motar kaya ta tausaya mana ta ɗauke mu.

Da muka isa, mai ɗakina na tsaye a ƙofar ɗakin jarirai. Tun daga nesa ta ɗaga mana hannu ta ce da rai, da rai, an sa mata iska! Na zauna a ƙasa ina hamdala. Sai ga malamar nan mai tabarau ta fito. Ta gane ni. Ta ce yarinyar ta shaƙi wani abu a huhu kuma cikinta ya ɓaci, tana son ta san abin da aka ba ta don likita ya san yadda zai yi, matan kuwa sun ce a tambayi maza. Ta dubi uban. Abokina ya sunkuyar da kai ya ce ruwa ne kawai suka ɗan ba ta. Ku ji mutum! Na kusa kashe masa ɗiya, na sa ya yanka bijiminsa, amma yana rufa mini asiri. Na ji shaiɗan na raɗa mini in yi shiru, tunda an riga an ba da amsa. Amma na tuna da ita wannan amsar za a yi wa yarinyar magani. Na sa hannu a aljihu na fito da kwalin, na ce ni ne, ƙwaya biyu na narka na ɗura mata, kuma ni na hana su tahowa tun jiya.

Na zaci za ta zage ni, ko ta kira jandarma. Ta karɓi kwalin ta shiga da shi da sauri, ta jima, sannan ta dawo ta miƙo mini. Ta ce ta tuna ni ne mai karatu, to in karanta mata abin da ke rubuce a ƙasan babbar kalmar. Na kai kwalin kusa da ido, na fara haɗa ƙananan baƙaƙen a gaban mutane. An rubuta ƙarara cewa na zawo ne, an kuma rubuta yadda ake ba yara gwargwadon watanninsu. Babu inda aka ambaci numfashi. Mako uku kwalin nan na aljihuna, ban taɓa karanta abin da ya wuce kalma ɗaya ba. Malamar ta ce:

"Maganin nan ba shi da laifi, yana ceton yara masu zawo kullum a nan. Amma ƙwaya ɗaya ta ninka abin da muke ɗiga wa ɗanka sau da yawa. Kuma jaririn da ke kokawa da numfashi ba a ɗura masa komai, ko ruwa ne, don huhu yake tafiya. Yinin da ka cinye musu shi ya fi ƙwayar muni."

Kwana huɗu yarinyar tana tsakanin rai da mutuwa. Ni da abokina muna gindin bedin nan, ban iya haɗa ido da shi ba. Shi ne ma yake gutsuro ɗan abin da ya samu ya miƙo mini. Rana ta biyar aka ce zazzaɓin ya sauka. Rana ta tara da hantsi mai ɗakina ta fito a guje, zane na faɗuwa, tana cewa ta kama nono, ta kama nono! Abokina, mutumin da ko gawar shanunsa bai yi wa hawaye a gaban mutane ba, ya rufe fuska da rawani kafaɗunsa na girgiza. Ni kuwa na rungume wani mutum da ban taɓa gani ba ina ta kabbara. Bayan kwana biyu da aka bar mu muka shiga, me zan gani? Malamar ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba takarda, ta ɗauko ƴar kwalba irin ta ɗana ta ɗiga mata. Na zabura na ce ba zinki ba ne wannan? Ta ce shi ne. Yanzu ne lokacinsa, kuma wannan ne gwargwadonsa, don ya taimaka mata ta yi ƙwari. Ta ce ko su ba su ɗauke shi maganin numfashi ba.

Da muka koma gida na tara mutanen da na yi wa alfahari a majalisa, na warware musu labarin tun daga farko, na ce duk wanda ya ji na ce zinki na tada jariri mai nishi ya zubar da maganar. Ba abu ne mai sauƙi ba, wasu sun yi mini dariya har shekara ta zagayo. Na je ruga na durƙusa gaban abokina da matarsa na nemi gafara. Matar kuwa, ban ga laifinta ba, sai da aka yi watanni kafin ta sake amsa gaisuwata. Shi kuwa cewa ya yi in tashi, bijimi kwanansa ne ya ƙare, kuma da ya san naman zai sayo masa addu'ar mayunwata da ya yanka shi tun a gida. Amma ni na san abin da ya rasa. Garkensa bai sake komawa yadda yake ba, shekaru ya yi yana kiwon shanun mutane. Yarinyar ta girma, yau ita ma uwa ce. Sai dai duk sanyi tana fama da tari, kuma ko da likita ya ce ba lalle ne daga wancan abu ba ne, duk ranar da na jiyo tarinta sai gabana ya faɗi.

Abin da na koya shi ne, jahilin da ya san bai sani ba ya fi ni aminci a ranar nan, don shi hanyar likita ya nufa, ni na tare shi. Ban yi da mugunta ba, murna ce da son a ce ni ne, amma da yarinyar ta mutu, kyakkyawar niyyata ba za ta tone ta daga kabari ba. Ina kira ga ƴan'uwana masu ɗan karatu a ƙauyuka, waɗanda ake kawo wa takarda da kwalin magani: mutane sun ba ku amana, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Maganin da ya yi wa ɗanka amfani a hannun likita ba shi ya ba ka izinin ba ɗan wani ba. Ku kuma saurari matanku, su ne ke zama a gaban gadon mara lafiya, sun ga abin da ba mu gani ba. Iyaye kuma, in jariri sabon haihuwa yana nishi, hancinsa na buɗewa, ƙirjinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, kada ku ɗura masa komai, kada ku jira ya lafa. Ku manna shi a ƙirjin uwarsa ku kama hanya a wannan sa'ar. In wani mai baki irin nawa ya tare ku a ƙofar gida ya ce yana da magani a aljihu, ko amininku ne, ku ce masa ya biyo ku da shi likita, ku wuce.